Gasar faɗan bidiyo a Birnin Ƙonni: nauyin da ke kan mai fili

Duk wanda ya bi kwalta daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa, ya miƙe gabas zuwa Malbaza da Galmi, ko kuwa ya karkata arewa ta Badagishiri har Illela, in ya lura da kyau zai ga waɗansu ƴan ɗakuna a bayan tasha ko a gefen kasuwa, da labule a ƙofa, takalman yara zube a bakinta. A ciki akwai benci biyu ko uku, da tele, da na'urar PlayStation ƴar Kwatano wadda ta sha hannu kafin ta iso gare mu. Waɗannan su ne gidajen wasan bidiyo. Yawancin abin da ake bugawa a cikinsu ƙwallo ne, amma idan ka ji ihu ya tashi gaba ɗaya kamar an yi kaye a filin kokowa, to wasan faɗa aka sa.

Doka ɗaya ce ke mulkin waɗannan ɗakuna, ba a rubuta ta ko'ina ba, amma babu yaron da bai san ta ba: wanda aka kayar shi ke biya. Gwani yakan zauna tun hantsi har la'asar bai fid da ko dala ba, masu ƙalubalantarsa na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ajiye dala 20 ko 30 suna tashi. Mai ɗaki ba ya ganin laifin wannan tsari, domin kuɗinsa na shiga kuma benci ba ya zama wofi. Amma ku duba abin da yake haifarwa. Ɗan mai hali yana sayen ƙwarewa da kuɗin ubansa, faɗuwa goma ba ta dame shi ba. Ɗan talaka kuwa faɗuwa ɗaya ta cinye kuɗin kalacinsa, sai ya koma bayan benci ya tsaya kallo. Kuma tun da kowane kaye bashi ne a kan wani, babu kayen da ake karɓa da sanyin rai: wannan ya ce an ba shi manet mai matacciyar maɓalli, wancan ya ce an taɓa masa gwiwar hannu. Faɗan da aka fara a cikin gilashi sau da yawa a bakin ƙofa ake ƙarasa shi.

Wannan doka ce ta sa ni, malamin lakkwal da furfura ta fara kamawa, na ɗauki nauyin shirya gasar wasan faɗa har sau uku a ƙofar gidana, a hutun ƙarshen shekara na 2021 da 2022 da 2023. Ɗan wana ke da ɗaya daga cikin ɗakunan da na ambata, kuma rabin yaran da ke cika shi sun zauna a ajina. Na so in ga yadda wasan zai kasance idan aka cire kuɗi daga tsakanin yara biyu, aka sa ƙa'ida a gurbinsa.

Ni kaina ba baƙo ba ne ga abin. Muna samari lokacin da gidajen bidiyo suka cika garin nan da finafinan Sin da na Indiya, yara na fitowa suna shure-shure a kan hanya suna kiran sunan Burus Li. Wasan faɗa ya tarar da ƙasa a share. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a 1991, Midway na Amurka ya biyo da Mortal Kombat a 1992, Namco kuma ya kawo Tekken a 1994, shekarar da PlayStation ta farko ta fito. Mu dai ta Sakkwato suka iso mana, kamar yadda kusan kome ke iso mana, cikin kwali a bayan mota, bayan shekaru. Abin da ya sa irin wannan wasa ya dace da garinmu kuwa a fili yake. Ba ya bukatar intanet. Mutum biyu ne, kafaɗa da kafaɗa a benci ɗaya, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. Hoton yana sauyawa sau 60 a cikin daƙiƙa guda, kuma tsakanin tarewa da shan naushi wani lokaci ƴan hotuna ƙalilan ne, shi ya sa har a ƙasashen da intanet ya wadata manyan gasa a zaure ɗaya ake yin su, ido da ido. A nan ɗan Ƙonni da ɗan Tokiyo kusan daidai suke: tele ɗaya, manet biyu, sai abin da hannu ya iya.

Kafin in kafa ko da rumfa sai da na je gaisuwa wurin mai unguwa, wanda ya saurare ni ya ce shi abu biyu ya sani: kada a kai dare, kada a tare hanya. Daga nan na wuce zauren malamin unguwarmu, kuma a can ne maganar ta yi nauyi. Shirina na farko shi ne irin wanda kowa ke yi: kowane yaro ya zuba dala 100, a tara, wanda ya ci ya kwashe. Malam ya bari na gama, sa'an nan ya ce: «Mushe, mene ne bambancin wannan da abin da ake yi da karta a bayan tasha? Kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, saura su tafi da hasara.» Na ce: «Allah gafarta Malam, a nan gwaninta ce ke ci, ba sa'a ba.» Ya ce gwaninta ba ta wanke kuɗin da aka fizge daga hannun wanda ya zuba shi da kwaɗayin na wani.

Ya jawo Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a san shi ba, ya buɗe wajen ƙarshe inda aka yi maganar tsere. Abin da na fahimta daga bayaninsa shi ne, an yarda da sa lada a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, kuma a ra'ayin Imamu Malik ba a yarda masu tsere su zuba duka ɗaya ya kwashe ba. Wanda ya fid da ladan ma, in shi ya yi gaba, ba ya maida abinsa aljihu, na bayansa ke ɗauka. Malam bai ɓoye mini ba cewa wasan bidiyo ba doki ba ne, ba kibiya ba ne, kuma a babin nan ma an hana wasu wasanni na zaune. Bai sa wa gasata albarka ba, ni ma ban roƙe shi ya sa ba. Amma ya ce idan lalle sai an yi, to mafi ƙarancin sharri shi ne kada a karɓi ko tamma daga hannun yaro, kyauta ta fito daga wanda ba ya cikin wasa, a tsaya cak idan an kira salla, kuma kada a nuna wa yara jini.

Da na fito ina tafe ina tunani, sai na ga ai wannan tsari ba sabo ba ne gare mu. Tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ba a taɓa cewa ƴan kokowa su tara kuɗi wanda ya yi kaye ya kwashe ba. Hukuma ke sa takobi da abin da ke biye da shi, attajirai da masu mulki su yi kari, ɗan kokowa kuwa ƙarfinsa kaɗai yake kawowa. Haka a dandalin ƙauye bayan girbi. Wanda aka kayar yakan tashi ya kakkaɓe ƙasa ya rungumi wanda ya kayar da shi, kuma ina ganin abin da ke sauƙaƙa wannan runguma shi ne ba a taɓa aljihunsa ba. Saboda haka na nufi wani ɗan kasuwar albasa da muka yi lakkwal tare, ya ɗauki nauyin shadda yadi 5 ga na ɗaya, ni na sayi fitila mai aiki da hasken rana ga na biyu, ɗan wana ya ce na uku ya yi wata guda yana wasa a ɗakinsa kyauta. Kuɗi tsaba ba mu sa ba ko sau ɗaya.

Sharaɗin jini shi ya fid da Mortal Kombat daga lissafi, ko da yake shi yara suka fi so. Wanda ya san wasan ya san yadda ake ƙare shi, da fille kai da zare ƙashin baya. Ba malaman Ƙonni kaɗai abin ya tayar wa hankali ba: a Disamba 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan irin waɗannan wasanni, abin da ya kai ga kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane kwali tun daga 1994. Mu a nan kwalin ma ba ya iso mana, balle rubutun da ke jikinsa. Sai muka tsaya a kan Tekken 7, wanda ya fito a PlayStation 4 a 2017. Maɓalli huɗu ne, kowane da gaɓarsa: hannun dama, hannun hagu, ƙafar dama, ƙafar hagu. Dattijon da ya taɓa kallon dambe ko sau ɗaya yana iya bin abin da ke gudana, ya gane wanda ya kai hannu da wanda ya kauce.

Yanzu ga inda aikin mai fili yake, kuma a nan zan daɗe, domin masu tambayata yadda ake shirya gasa sukan zaci na'ura ce matsala. Na'ura aro ake yi. Abin da ba a arowa shi ne yardar yaro 32 cewa ba za a cuce su ba.

Na ce 32 domin a nan na tsayar da rajista, kuma da dalili. A kokowar ƙasa jahohi 8 ne, kowace da ƴan kokowa 10, wanda kuma ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kokowa domin jaharsa. Wannan tsari yana da kwarjini, shi ya sa ɗaukar takobi har sau 6 da Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na jahar Doso, ya yi ta zama abin faɗi. Amma ƙato mai shekara 30 da ya sha gwagwarmaya daban, yaro mai shekara 13 da ya biya kuɗin mota daga Malbaza daban. A ce ya yi tafiyar kilomita talatin da wani abu, ya zauna minti biyar hannunsa na rawa, a ce masa tashi ka tafi gida? Sai na ɗauko tsarin da masu wannan wasa suka daɗe da yarda da shi a duniya, wato sai an kayar da kai sau biyu kake fita. Wanda ya faɗi da farko yana sauka layin ƙasa, ya ci gaba da fafatawa da ƴan'uwansa faɗaɗɗu, kuma in ya yi ta ci yana iya hawowa har karon ƙarshe. Da wannan tsari ake gudanar da Evo, babbar gasar duniya, wadda ta faro a 1996 a Kalifoniya da ƴan wasa ƴan gommai a wani ɗakin wasa da bai fi namu daraja sosai ba, ta koma Las Begas daga baya, har a 2023 mutum fiye da 7000 suka yi rajistar Street Fighter 6 kaɗai.

Sai dai adalci yana da tsada, kuma da lokaci ake biyansa. Mutum 32 a tsarin faɗuwa ɗaya karo 31 ne. A tsarin faɗuwa biyu karo 62 ne, ko 63 idan na layin ƙasa ya kayar da na sama a ƙarshe aka sake. In kowane karo ya ci minti 8, da zama da tashi da gardama, to awa 8 ke nan da ɗoriya a na'ura ɗaya, ga salla, ga abinci, ga mai unguwa ya ce kada a kai dare. Dole muka nemo na'ura ta biyu, muka fara da ƙarfe 8 na safe, muka zana layukan gasar da alli a kan allon da na aro, inda kowa zai gani. Wannan allo ya kashe gardama fiye da bakina. Sunaye kuwa a ƴan takardu muka rubuta, muka zuba a ƙwarya, muka kira wata ƴar maƙwabta da ba ta fi shekara 5 ba ta riƙa ɗebowa.

Manet ita ce rigima ta biyu. A kowane ɗakin wasa akwai mai kyau da mai ciwo, kuma ɗan gida ya san wace ce wace. Muka ce bayan kowane zagaye a yi musaya, wanda kuma ya zo da tasa ya yarda abokin karawarsa ya gwada ta tukuna. Ta uku ita ce ta Eddy Gordo, ɗan wasan Barazil ɗin nan mai faɗa kamar yana rawa, wanda tun Tekken 3 ake zargi da cewa ko jariri ya danna maɓallan ƙafa barkatai zai yi kaye da shi. Manyan yara suka zo mini ƙungiya guda suna so a hana ɗaukarsa. Na ƙi. Na ce musu wanda ke kiran kansa gwani amma ya kasa tare ƙafar mai danna barkatai, gwanintarsa ta baki ce. A filin kokowa ba a hana gajere kama ƙafa don dogo ya ji haushi. Abin da na riƙe shi ne a faɗi kowace doka kafin a taɓa manet, a karanta ta da ƙarfi, kuma kada a ƙara ko a rage bayan an fara, ko da ni ne na ga wata dabara ta fi. Alƙalanci ma ban ba ɗan wana ba, ko da yake ya fi kowa sanin wasan, saboda yana da abokan ciniki a cikin ƴan wasa. Wani ɗalibin lise da ba ya wasan sam na ɗora, aikinsa ya duba allo, ya kira suna, ya rubuta sakamako.

Akwai kuma maganar gari da gari. Illela biyu gare mu, kamar yadda kowa ya sani: ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, da ta Amarawa a ƙetaren iyaka cikin jahar Sakkwato, wadda ɗan kabu-kabu ke kai mutum cikin ɗan lokaci. Daga dukansu yara sun zo. Na Amarawa sun fi namu gogewa, domin na'urori sun fi yawa a wajensu, kuma sun zo da bakinsu. Wasu suka ba ni shawara a yi gasar Nijar da Najeriya, a ce ƙasa da ƙasa, wai za ta fi armashi. Lalle za ta fi, amma irin armashin da ke ƙarewa da jifa. Yaran nan kakanninsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, wasu ma ɗan wa da ɗan ƙane ne. Ƙwarya ta haɗa kowa da kowa, ban rubuta sunan gari a gaban sunan kowa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da abin da ke faruwa a bayan igiya. Na cire kuɗi daga tsakanin yara, amma ban isa in cire shi daga aljihun ƴan kallo ba. A gasar 2022, tun kafin azahar, na lura da wasu samari uku ko huɗu da suka girmi ƴan wasan, tsaye a gindin bedi, kuɗi na sauya hannu bayan kowane karo, sefa da naira a gauraye. Caca ce tsagwaronta, a kan ƴaƴan mutane, a ƙofar gidana. A cikin ƴan wasan akwai wani yaro ɗan wani ƙauye na kusa da Badagishiri, mai koyon walda a nan Ƙonni, shekarunsa ba su wuce 15 ba. Bai taɓa mallakar manet ba, kuma a ɗakin wasa yana cikin masu tsayuwa a bayan benci. Da ido ya koyi yawancin abin da ya iya, yana kallon hannun gwanaye maimakon gilashi. An kayar da shi a karon farko, ya sauka layin ƙasa, daga nan ya shiga share mutane ɗaya bayan ɗaya har ya kai cikin huɗun ƙarshe. Ana hutun la'asar sai ɗan wana ya jawo ni gefe ya ce ɗaya daga cikin samarin can ya tare yaron a bakin randa, ya nuna masa jika 2, ya ce ya saki karo na gaba.

Jika 2 ga mai koyon walda ba ƙaramin abu ba ne. Ya fi abin da maigidansa ke ba shi a kwanaki da dama. Yaron bai karɓa ba, amma bai iya cewa a'a da ƙarfi ba, domin wanda ya tare shi babba ne kuma unguwarsu ɗaya. Na kira shi na ce: «Ɗana, me ya ce maka?» Ya sunkuyar da kai ya ce: «Baba, ni dai ina so in yi wasana.» Bayan salla ban bari an kunna na'ura ba. Na tsaya a gaban allo na ce gasa ta tsaya, ba kuwa za ta ci gaba ba sai masu caca sun bar wurin, in kuma sun ƙi, in naɗe tabarmata, shadda ta koma wurin mai ita. Ban kira sunan kowa ba, ban dubi gindin bedi ba. Yara fiye da 100 ne suka juya suka dube su a madadina, kuma wannan kallo ya fi ƙarfin ɗan sanda. Wakilin mai unguwa ya taka a hankali ya yi musu magana, suka hau baburansu. Yaron ya ci karonsa na gaba, aka kayar da shi a na bayansa, ya tashi da matsayi na uku.

Sa'ad da nake kallonsa sai na tuna labarin Arslan Ash, ɗan Lahor ta Pakistan. Kafin 2019 duniyar Tekken ta Koriya da Japan ce, ba wanda ke lissafi da Pakistan. A shekarar nan saurayin ya isa Japan da ƙyar bayan wahalar biza da ta jirgi, ya ci gasar Evo ta can, ya je Las Begas ya sake ci, inda ya kayar da Knee na Koriya wanda ake ganin babu kamarsa. Da aka bincika sai aka tarar ƙananan ɗakunan wasa na Lahor cike suke da gwanayen da ba wanda ya san da su, saboda ba su da fasfo da kuɗin jirgi. Ba ina cewa akwai irinsa a Badagishiri ba. Ina cewa dai in akwai, dokar wanda aka kayar shi ke biya ba za ta bari a gan shi ba. A Abijan tun 2017 ake yin wani babban bikin wasannin bidiyo mai suna FEJA, inda ƴan ƙasashen Afirka ke haɗuwa. Daga ƙofar gidana zuwa can akwai nisa, kuma ba na kilomita kaɗai ba.

Wanda ya ɗauki shadda a shekarar nan ɗan Illelar Amarawa ne, ya kayar da ɗan unguwarmu a karon ƙarshe, a gaban iyayen gidansa. Wurin ya yi tsit. Na ji wani daga baya yana cewa ai ba a kamata kyautar Ƙonni ta ƙetare iyaka ba. Na ɗauki shaddar da hannu biyu na miƙa wa yaron, na sa ɗan unguwarmu ya riƙa masa fitilarsa suka tsaya tare, sa'an nan na sa aka raka baƙin har tasha kafin magariba.

A Disamba 2023 kuwa babu ɗan Amarawa ko ɗaya a kan allo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, kuma ba a buɗe hanyar Ƙonni ba sai a Maris 2024. Garin da ke rayuwa da iyaka ya san abin da ya sha a watannin nan, wasan yara shi ne mafi ƙanƙantar hasara. Amma yaran sun tambaya, har wanda aka kayar a bara ya ce shi ba ya jin daɗin cin gasar da babu wanda ya kayar da shi a cikinta. Kuran kuwa sai muka daina dogara da shi gaba ɗaya. Tun 2018 ake da tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza, ta farko a ƙasar nan, kuma ko a cikin unguwa faranti da batir sun zama kayan gida. Da faranti biyu da batir biyu na aro muka yi gasar, da na'ura ɗaya da ƴan wasa 16.

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya yaba. Wani uba ya same ni har gida ya ce: «Mushe, kai da ya kamata ka kore su daga ɗakin nan, kai ne kake ɗaura musu rawani?» Ɗansa ya taɓa ɗauke kuɗin cefane ya kai ɗakin wasa, kuma maganarsa tana da gaskiya a ciki. Wasan nan yana cin lokaci, yana cin kuɗi, yana iya cinye karatu. Gasar yini ɗaya a shekara ba ta gyara wannan. Abin da na iya yi shi ne na sa sharaɗi: ɗan lakkwal ya zo da takardar sakamakonsa ta zangon farko, ɗan makarantar allo ko mai koyon sana'a ya zo da izinin malaminsa ko maigidansa, da baki ko a rubuce. Wasu sun fasa saboda haka. Uban bai gamsu ba, ɗansa bai shiga ba, muna gaisawa har yau. Ƴan mata kuwa ko ɗaya ba ta taɓa yin rajista ba, ko da yake na san gidajen da ƙanwa ke kayar da wanta a cikin ɗaki. Rumfar ƙofar gida cike da samari ba wurin da uwa za ta bar ɗiyarta ta zauna ba ne, kuma in za a yi tasu, mace ce za ta shirya ta a cikin gida.

Bayan ta uku na ajiye, saboda ƙafa da kuma ganin cewa abin ya isa ya tsaya ba da ni ba. Kwanan baya wasu samari biyu daga Malbaza, cikin waɗanda suka zo suna yara a 2021, suka same ni ranar Laraba bayan sun gama cin kasuwa, suka ce suna so su yi tasu a garinsu. Na ba su littafin da alƙalinmu ya rubuta dokoki da sakamakon shekara uku, na nuna musu yadda ake zana layin sama da na ƙasa. Na'ura suna da ita, wuri suna da shi, mai unguwarsu ya yarda. Da na tambaye su wa zai ba da kyauta, sai suka dubi juna, ɗaya ya ce sun yi tunanin kowa ya zuba dala 100. Na ce su koma su nemi mai albasa ko mai siminti tukuna, in sun samu su aiko mini, zan hau mota in zo in riƙe musu ƙwarya.